Ciwon Maƙogwaron Da Ke Ƙarewa A Zuciya

Da wuya mako ya wuce ba a ga irin wannan roƙo a Facebook ba, ko a ji shi a gidan rediyo: yaro kwance a gadon asibiti, ciki a kumbure, ƙafafu sun yi suntum, numfashi sama-sama, uba na tsaye a gefe da takardar likita yana karanto miliyoyin da ake nema don a kai ɗansa Indiya a yi masa aikin zuciya. Jama'a kan tausaya, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. Wani lokaci wani attajiri ko ɗan siyasa ya ɗauki nauyin aikin baki ɗaya, a yi ta sa masa albarka. Alheri ne, babu mai ja. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna: yaushe zuciyar yaron ta fara lalacewa, kuma a wancan lokacin nawa ake bukata a tare abin?

Wasu yaran da larurar aka haife su. A kowace haihuwa dubu ana samun jarirai takwas ko tara da wata tawaya a halittar zuciya, ko huji a bangon da ya raba ɗakunanta, ko jijiyar da ta fito ba daga inda ya kamata ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda sai sun kai shekara goma ko fiye suke fara haki, da lafiyayyar zuciya suka zo duniya. Abin da ya taɓa ta ciwon maƙogwaro ne da aka yi shekara uku ko biyar da suka wuce, wanda kowa a gidan ya manta da shi, kuma kuɗin maganinsa bai taka kara ya karya ba.

Mafi yawan ciwon maƙogwaron yara bairos ne ke kawo shi, ɗan'uwan mura, kuma yakan wuce da kansa. Akwai kuma wanda wata ƙwayar bakteriya mai suna sitireftokokas, rukunin A, ke haddasawa, ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Tana da alamunta: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, haɗiyar yawu sai da runtse ido, kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, in an haska bakin a ga maƙogwaro ya yi jawur, sau da yawa da fari-farin mugunya a gefe da gefe. Yawanci babu tari, babu majina. Ita ma ko ba a sha komai ba takan lafa cikin 'yan kwanaki, yaro ya koma makaranta, uwa ta yi hamdala. Nan ne yaudarar take. Bayan mako biyu zuwa uku, a jikin kaɗan daga cikin yaran, garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta ruɗe, domin wasu sassan ƙwayar sun yi kama da naman jikin ɗan Adam. Sai ta afka wa gaɓoɓi, da zuciya, wani lokaci har da ƙwaƙwalwa. Wannan shi likitoci ke kira zazzaɓin rumatik.

A gida kuwa sunayensa da yawa. Yau gwiwa ta kumbura ta yi zafi, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, gata gwiwar hannu. Sai a ce sanyin ƙashi ne, ko amosani, ko a fara zargin sikila. Tunda da zazzaɓi, sai a sha maganin maleriya, in bai ji ba a koma na taifot. Akwai wani nau'in da kan bayyana bayan watanni, ya fi kama 'yan mata: hannu ya riƙa fizga da kansa, fuska na yamutsewa, rubutu ya lalace, kofi ya riƙa suɓucewa, yarinya ta yi ta kuka ba dalili. Duk wanda ya san gidajenmu ya san inda za a fara kai ta. Babu laifi a yi addu'a, amma yarinyar da aka ce iska ce ta taɓa ta, aka shekara ana turare da hayaƙi, mai yiwuwa a daidai wannan lokacin zuciyarta ce ke kumbura.

Gaɓoɓin kan warke sarai. Zuciya ce ba ta mantuwa. Tana da ƙyaure huɗu masu buɗewa da rufewa a kowane bugu don kada jini ya koma baya, kuma wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu shi cutar ta fi ci. Duk lokacin da ƙwayar ta sake kama maƙogwaro, zazzaɓin ya dawo, ƙyauren sai ya ƙara tabo, ya yi kauri, ya ƙanƙance. A ƙarshe ko dai ya kasa rufuwa jini ya riƙa yoyo baya, ko ya kasa buɗuwa jini ya taru a huhu. Yaron da ya saba raba dare a ƙwallon layi sai a ga ya koma tsaron gida, daga baya ya koma ɗan kallo. Ba ya iya kwanciya sai an tara masa matashi. Sai a fara maganin asma, a wuce na nimoniya, wani har a sa shi a layin masu tarin fuka, kafin wani likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ya ji ƙarar da ba ta kamata ba.

Abin takaicin shi ne ba yau aka san makarin wannan cuta ba. A 1950 wasu likitocin Amurka, cikinsu har da Floyd Denny da Charles Rammelkamp, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan samarin sojoji a wani sansanin mayaƙan sama da ke jihar Wayomin, inda cunkoson barikin ya sa cutar ta yi katutu. Sun nuna cewa in aka yi wa mai wannan ciwon maƙogwaro allurar fenisilin, zazzaɓin rumatik kan ragu ƙwarai. Yau shekara saba'in da ɗoriya ke nan, kuma har yanzu ba a tabbatar da ƙwayar ta bijire wa fenisilin ba, abin da ba za a iya faɗa game da yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba. Akwai ma darasin da ya girmi wannan. A Denmak, inda aka daɗe ana rubuta adadin masu cutar, ta fara ja da baya tun shekaru da dama kafin fenisilin ya shigo, lokacin da gidaje suka faɗaɗa, aka rage yawan masu kwana a ɗaki guda, abinci ya inganta. Cutar cunkoso ce da talauci. Shi ya sa matashin likita a Landan ko Toronto zai iya gama karatunsa bai taɓa ganin ta ido da ido ba, alhali takwaransa na Kano ko Damagaram ba ya mako bai ci karo da ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik, kuma yana kashe kusan 360,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara, da kudancin Asiya, da tsibiran tekun Fasifik. A watan Mayun 2018 babban taron hukumar da aka yi a Janiba ya zartar da ƙuduri a kansa, ƙasashe suka yi alkawarin ɗaukar mataki. Wanda ya je ƙaramin asibitin mazaɓarsu ya tambayi ma'aikacin da ke bakin aiki ko akwai wani tsari na musamman game da ciwon maƙogwaron yara, zai gane nisan da ke tsakanin Janiba da ƙauyensu.

Kuma adadin da ake gani a asibiti ɗan tsakure ne. A wani bincike da aka buga a 2007, an duba 'yan makaranta a Mozambik ta hanya biyu. Da abin sauraron ƙirji an gano cutar a jikin yara biyu da ɗoriya cikin dubu. Da aka sa na'urar hoton zuciya ta eko, sai adadin ya haura talatin cikin dubu. Wato a bayan kowane yaro guda da aka gano akwai fiye da goma da ke zaune a aji da ƙyauren da ya fara taɓuwa, su ba su sani ba, iyayensu ba su sani ba. A 2007 ɗin ma likitocin zuciya a Kano sun ba da rahoton cewa cikin marasa lafiyar da hoton eko ya nuna suna da matsala, kusan ɗaya cikin goma wannan cutar ce, kuma yawancinsu matasa ne.

To me ke faruwa a ranar da maƙogwaro ya fara ciwo? A ɗauki uwa a kowace unguwa. Ba asibiti za ta nufa ba, don layin kati kaɗai zai cinye mata wuni. Kemis ɗin bakin layi za ta je, ta ce, "Malam, a taimaka mini da maganin ciwon wuya, yaron nan tun jiya ko koko ya kasa haɗiya." Shi kuma ya tambaya, "Hajiya, na nawa za a ba ki?" Daga nan kuɗin hannunta ne likita. Za a yanko mata kafso huɗu ko shida daga jikin kati, a haɗa da farasitamol, a ƙulle a leda. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, in akwai ragowar kafso a ajiye a kan kwabet saboda gaba. Alhali kafin a kakkaɓe ƙwayar daga maƙogwaro, sai an sha amoksisilin ko fenisilin kwana goma cur ba fashi, ko kuma a yi allurar benzatin fenisilin guda ɗaya tak, wadda ke daɗewa a jiki makonni. Maganin kwana biyu yana kwantar da hankalin uwa ne kawai.

Wata uwar kuma wanzami za ta kira. Cire beli, ko hakin wuya, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa daga Katsina har Maraɗi, ana yi wa jarirai a makon haihuwa, ana kuma yi wa manyan yara da ciwon wuya ya addaba. Wanzamai na da mutuncinsu a gari, kuma maganarsu na shiga kunnen iyaye fiye da ta ma'aikacin lafiya da aka turo daga wani wuri. Amma ɗan naman da ake yankewa ba shi ne mazaunin cutar ba. An zubar da jini, an buɗe ƙofar wata cutar, ƙwayar kuma na nan daram. Da hukumomin lafiya na da dabara, da sarakunan aska ne farkon waɗanda za su zauna da su, a nuna musu alamun nan guda huɗu, a roƙe su su riƙa tura yaro asibiti. An yi irin wannan da ungozomomi, kuma an ga amfaninsa.

Sai batun wurin kwana. Zauren da almajirai ashirin ke kwana kafaɗa da kafaɗa a cikin hunturu, ɗakin kwanan makarantar kwana da aka gina don yara arba'in aka zuba ɗari, ɗaki ɗaya na haya da miji da mata da 'ya'ya bakwai, sansanin 'yan gudun hijira: duk inda numfashin wani ke sauka a fuskar wani, ƙwayar ta samu gona. Binciken da aka yi a tsakanin 'yan asalin Ostireliya da na Niyu Zilan ya ƙara nuna cewa ba maƙogwaro kaɗai ba, ƙurajen fata masu ruwa, musamman waɗanda ƙazuwa ke buɗe wa hanya, su ma suna da hannu. Duk wanda ya taɓa duban hannuwan ƙananan almajirai a lokacin sanyi ya san yadda ƙazuwa ta zama kamar wani ɓangare na karatun. Ba a taɓa kallon ta a matsayin abin da ya shafi zuciya ba.

Yaron da zazzaɓin ya riga ya kama sau ɗaya, ba a makara ba tukuna. Abin da ake bukata shi ne a hana shi dawowa, kuma hanyar ita ce allurar benzatin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru: galibi shekara goma, ko har ya kai 21, wanda ƙyaurensa ya taɓu sosai kuma har 40 ko iya rayuwa. Faɗar haka a takarda da sauƙi. A ɗakin allura wani abu ne daban. Maganin gari ne a kwalba, a zuba masa ruwa a girgiza ya zama fari mai kauri. In ma'aikaciya ta yi jinkiri kaɗan sai ya toshe bakin allura, dole a zare a sake sokawa. Babbar allura ake sawa, a cikin tsokar ɗuwawu, a tura a hankali, kuma zafinsa kan kwana biyu yaro na ɗingishi. Ɗan shekara tara da ya ɗanɗana sau biyu, ranar ta uku sai an neme shi a bayan gari. Ana iya rage zafin in aka haɗa da ɗan maganin kashe zafi na lidoken, aka ɗumama kwalbar a tafin hannu, amma sai wanda aka koya wa ne zai yi. Ga kuma tsoron da ma'aikata ke yi kada yaro ya faɗi a hannunsu, dangi su ce allura ce ta kashe shi. Tsoron yana da tushe: jiki kan ƙi fenisilin, ko da yake ba kasafai ba, kuma waɗanda zuciyarsu ta riga ta yi rauni ƙwarai sun fi shiga haɗari, shi ya sa likitoci kan mayar da irinsu kan ƙwayoyin sha. Maganin wannan tsoro shi ne horo da ajiye allurar adirenalin a kusa. Abin da ake yi a wurare da dama shi ne a ce wa uwa babu maganin, ta tafi babban asibiti. Wani lokacin ma gaskiya ne babu shi, domin arharsa ta sa kamfanoni kaɗan ne a duniya ke sarrafa shi, kuma yakan yanke.

Sakamakon wannan sakaci a rubuce yake. Tsakanin 2010 da 2012 wani bincike mai suna REMEDY, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu, ya yi rajistar marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba. Kashi biyu cikin uku mata ne. Kaɗan ne suka haura rabi waɗanda ke samun fenisilin ɗin kariya. Cikin shekara biyun da aka bi su, kusan 17 cikin ɗari sun rasu.

Yawan matan nan abin tsayawa ne a duba. Juna biyu kan ƙara yawan jinin da ke zagaya jiki da kusan rabi, kuma ƙyauren da ya ƙanƙance ba ya iya ɗaukar wannan lodi. Yarinyar da ta yi ciwon gaɓoɓi tana 'yar goma, aka ce sanyi ne, aka aurar da ita tana 'yar sha bakwai ba wanda ya san komai, a wata na shida ko na bakwai na cikin fari ne cutar za ta fito fili, ko a kan gwiwa, ko a cikin jego. A lissafa ta cikin matan da haihuwa ta kashe. Ba wanda zai koma ya danganta abin da ciwon wuyan da ta yi tana aji huɗu.

Cewa ana iya tare wannan ba hasashe ba ne. A lardin Pinar del Rio na ƙasar Kuba, daga 1986 zuwa 1996, ba tare da wata na'ura mai tsada ba, an wayar da kan iyaye da malamai, an horar da ma'aikata, an buɗe rajistar masu cutar, an tabbatar fenisilin bai yanke ba. Cikin shekara goma yawan 'yan makarantar da ke da ciwon ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Misali na kusa da mu kuma shi ne na Gulu a arewacin Yuganda, yankin da ya sha yaƙi ya sha talauci. An duba yara sama da 100,000, aka ware kusan 800 da cutar ta fara taɓawa a ɓoye, aka raba su biyu. Rabi ana yi musu allura duk mako huɗu, rabi ana sa ido kawai. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ba a yi wa allura ba cutar ta ci gaba a jikin 33. Cikin waɗanda aka yi wa, 3 kacal. Abin da ya fi burgewa shi ne kusan duk alluran an yi su a kan lokaci, domin an haɗa yaran rukuni-rukuni suna zuwa tare, ana wasa da su kafin allura, kuma akwai mai bin sawun duk wanda bai zo ba.

Wannan ba yana nufin a yi watsi da aikin tiyata ba. Yaron da ƙyaurensa ya riga ya mutu ba shi da wata mafita, haka ma jaririn da aka haifa da huji, wanda ke jiƙewa da gumi in yana shan nono, ya gaji ya saki, ba ya ƙiba, leɓɓansa na yin shuɗi. Najeriya ta yi aikin buɗe zuciya na farko tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, tare da shahararren likitan nan ɗan Masar, Magdi Yakub, amma shekara hamsin bayan haka ayyukan da ake yi a ƙasar ba su kai ko kusa da bukata ba. Nwankwo Kanu, wanda gwajin lafiyar ƙungiyar Inter Milan ya gano masa matsalar ƙyauren zuciya a 1996, jim kaɗan bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ya kafa gidauniya a 2000 da ta kai ɗaruruwan yara aiki. A Soba, kudu da Khartum, ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam a 2007, tana aikin zuciya kyauta ga marasa lafiya daga ƙasashe da dama, akasarinsu masu ciwon rumatik, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma ko an yi aikin, ba a rabu da Bukar ba. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini na warfarin har abada, da gwajin jini a kai a kai. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ƙyauren ya toshe, kuma maganin na iya illata ɗan tayi. Yarinyar da aka dawo da ita ƙauyen da ke da nisan kilomita ɗari daga ɗakin gwaji, aikinta rabi aka yi. Kuɗin tiyata guda kuwa zai sayi fenisilin ɗin yara masu ɗimbin yawa.

Akwai ma wani ciwon maƙogwaron da ke zuwa zuciya ta gajeriyar hanya. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ba toshe numfashi kaɗai yake yi ba. Dafinsa kan kama tsokar zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da iyaye ke ganin yaro ya fara samun sauƙi. Rigakafinsa na cikin alluran jarirai da ake yi kyauta.

Wani zai ce, to ina batun ƙiba da kitse da zaƙi, waɗanda su ake ji duk lokacin da aka ambaci zuciyar yara a kafafen waje? Suna nan, kuma gaskiya ne. A 1953 likitocin sojan Amurka suka duba gawarwakin sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar kusan kashi 77 cikin ɗari jijiyoyin zuciyarsu sun fara tara kitse. A farkon shekarun 1970 Dokta Gerald Berenson ya fara bin yaran garin Bogalusa a jihar Luwiziyana, ya nuna cewa abin tun ana ƙanana yake farawa. A 2022 aka haɗa bayanan yara sama da 38,000 daga Amurka da Finlan da Ostireliya da aka bi kimanin shekara 35, aka ga cewa nauyin jiki, da hawan jini, da kitsen jini, da shan taba a ƙuruciya suna hasashen wanda zai gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai sittin. Biranenmu sun kama wannan hanya. Kwandon abincin ɗan makarantar kuɗi lemon roba ne da biskit da taliyar leda da aka juye mata ƙunshin gishirinta duka. Tukunyar miya ɗaya dunƙulen magi biyar ko shida, ga gishiri, ga yaji a gefe shi ma da nasa magin, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda wa babba bai kai giram 5 na gishiri a wuni ba, na yaro bai ma kai haka ba. Makarantu da yawa gidajen haya ne da ba su da filin da yaro zai yi gudun minti biyar, balle awa ɗayan da ake so ya motsa jiki kullum. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi da aka fara karɓa a 2022, hauhawar farashi ta riga ta mayar da shi abin dariya. Har yanzu kuma in yaro ya yi ɓulɓul sai a ce hutu ne.

Amma ko a nan, namu ya sha bamban da nasu. A shekarun 1980 likitan Ingila David Barker ya tono tsofaffin rajistocin haihuwa na yankin Hertfordshire, ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Jikin da ya taso cikin yunwa, in ya tarar da zaƙi da maiƙo daga baya, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa fiye da rabi. Yaron da tamowa ta taɓa a ƙauye yana ɗan shekara biyu, ya shigo birni yana ɗan sha biyar ya koma rayuwa a kan lemo da burodi da taliya, an haɗa masa haɗari biyu a jiki ɗaya. Kwafo nasihar da aka rubuta don yaran Amurka, a karanta wa uwar da ɗanta ke kwana a zaure, ɓata bakin banza ne.

Abin da ya rage na gwamnatocin jihohi ne, kuma ba sabon gini ake nema ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki. Yaƙi da shan inna ya bar wa Arewa dubban mata masu shiga gida-gida, sun san kowane yaro da sunan uwarsa. Masu kula da tarin fuka da masu kula da cuta mai karya garkuwar jiki sun daɗe da iya riƙe rajista da bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani. Irin wannan rajistar ake bukata ga duk yaron da zazzaɓin rumatik ya taɓa kamawa, da katinsa a hannu mai ranar allura ta gaba. A sa benzatin da lidoken da adirenalin cikin magungunan da ba a yarda su yanke a asibitin mazaɓa ba. A koya wa masu kemis, tunda su ne likitocin farko ko an so ko an ƙi, cewa ciwon wuya da zazzaɓi ba tari a jikin ɗan makaranta maganin kwana goma ne ko kuma a tura shi gaba. A sanya tsangayu da makarantun kwana cikin zagayen ma'aikatan lafiya a lokacin hunturu, a duba maƙogwaro a duba fata. Na'urar eko ta zamani ta koma girman wayar hannu, kuma a Yuganda an nuna cewa ma'aikatan jinya na iya koyon tantancewa da ita, don haka babban asibitin kowace ƙaramar hukuma zai iya mallakar guda. Ɗan majalisar jihar da ke son sanin inda mazaɓarsa ta tsaya, tambaya biyu ta ishe shi a zaman kare kasafin kuɗi na gaba: kwalaben benzatin nawa ne a ma'ajiyar magunguna ta jiha, kuma yara nawa ne aka rubuta suna karɓar sa duk wata.